A koya wa ɗalibanmu nahawun harsunan kwamfuta tun daga shekarar farko

Matasa da dama a Birnin Kebbi da Argungu da Yauri sun duƙufa wajen koyon rubuta manhaja, wasu a manyan makarantu, wasu a wuraren horo na 'yan makonni. Abin da ke damuna shi ne yadda ake barin ɗalibi ya yi ta kwaikwayon misalai har hannunsa ya saba, ba tare da an nuna masa ƙa'idar da ta fayyace abin da harshen ya yarda da shi ba, alhali ƙa'idar tana nan a rubuce fiye da shekara sittin.

A shekarar 1959 John Backus na kamfanin IBM ya gabatar da wata hanya ta rubuta nahawun harshen kwamfuta a wani taro a birnin Paris, sannan Peter Naur, ɗan ƙasar Denmark, ya gyara ta ya yi amfani da ita a rahoton harshen ALGOL 60. Ita ce ake kira BNF. Misali, idan an riga an bayyana cewa adadi shi ne ɗaya daga 0 zuwa 9, sai a rubuta:

<lamba> ::= <adadi> | <lamba> <adadi>

Ma'anarsa, lamba ko dai adadi ɗaya ce, ko kuma lamba ce da aka ƙara mata adadi a ƙarshe. Da wannan layi kaɗai an bayyana 7 da 2024 da duk wata lamba komai tsawonta, saboda ƙa'idar tana kiran kanta. Ɗalibin da ya gane haka ya kama bakin zaren yadda kwamfuta ke karanta abin da ya rubuta, kuma zai fahimci cewa tsarin ƙa'idojin ne ke sa 2 + 3 × 4 ya ba da 14, ba 20 ba. Daga baya Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya sauƙaƙa tsarin a 1977, aka samu EBNF, wato BNF da aka faɗaɗa. Har yau masu kula da harshen Python suna wallafa cikakken nahawunsa da irin wannan rubutu.

Masu cewa abin ya yi wa sabon ɗalibi nauyi, gara a bari sai shekarar ƙarshe, suna da hujja guda: nahawun ba ya bayyana ma'ana, domin manhaja za ta iya cika dukan ƙa'idojin rubutu amma ta yi lissafin da ba daidai ba. Sai dai batun nauyi ban yarda da shi ba, musamman a wannan yanki. A Gwandu ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har rasuwarsa, kuma cikin rubuce-rubucensa akwai na nahawu da sarfu waɗanda malamai ke karantarwa a zaure. Yaron da ya saba rarrabe mubtada'i da habari a jimlar Larabci ba zai sha wahala da alamomi uku ko huɗu ba.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyyar kwamfuta a Aliero da Birnin Kebbi su ware darasi biyu ko uku a zangon farko, su sa ɗalibai su rubuta nahawun ƙaramin abu da suka sani, kamar lambar wayar Najeriya mai adadi 11 ko ranar wata, kafin su buɗe nahawun Python su karanta shi da kansu.