Ita ce ta cece shi, a daina juya mana labari

Jiya da daddare wani ƙanena ya saka hoton bikin Storm da T'Challa (wato Black Panther), jaruman littattafan zane na kamfanin Marvel, a zaurenmu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai "soyayyar gaskiya ke nan, tun suna yara ya ceci ranta." Nan da nan jama'a suka bi shi da alamar zuciya kamar ana rabon goro. Na kife wayar, na sha ruwa, na sake ɗauka, abin bai sauka daga maƙoshina ba. To ga shi na kawo shi nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Ba shi ya cece ta ba. Ita ce ta cece shi.

Ƙanen nawa ba shi da laifi, abin da aka miƙa masa shi ya karanta. Ku da kuka san asalin labarin kuka yi gum, da ku nake. A 1980, cikin Marvel Team-Up fitowa ta 100, Chris Claremont da John Byrne suka ba da labarin haɗuwarsu ta farko a 'yan shafukan ƙarshen littafin. Ororo, wato Storm mai baiwar sarrafa iska da ruwan sama, tana 'yar shekara 12, ta baro Alƙahira a ƙafa ta nausa kudu, sai ta iske mutanen wani Bature mai suna Andreas de Ruyter sun yi wa wani yaro taron dangi. Ba ta san ko ɗan waye ba, ba ta tsaya tambaya ba, ta shiga ta ƙwace shi. Yaron nan shi ne T'Challa, ɗan sarkin ƙasar Wakanda. Suka ɗan yi tafiya tare, daga baya kowa ya kama gabansa. Iyakar labarin ke nan, kuma shekara 26 yana zaune lafiya ba wanda ya taɓa shi.

Sai 2006 ta zo, Marvel ta ƙudura aurar da su. Aka ɗauko marubucin littattafai Eric Jerome Dickey ya yi wa Storm jeri mai fitowa shida don share fagen biki. De Ruyter ɗin nan dai shi ne, yarinyar ita ce, yaron shi ne. Babban abin da aka taɓa shi ne: yanzu T'Challa ne ya zo ya kuɓutar da ita. Ikon Allah. Wato an ga bai dace a ce angon yana ɗauke da bashin ransa a wurin amarya ba, sai aka juya takardar bashin ta koma kanta.

Kada wani ya ce mini kuskure ne. Kuskure shi ne mai zane ya manta ya sa tabo a kuncin hagu maimakon na dama, ko marubuci ya manta wane ne ya mutu bara. Wannan kuwa zama aka yi, aka karanta tsohon labarin har aka kwashe sunan mugun ciki, sannan aka zaɓi wannan gefen aka kifar. Wanda ya tuna sunan de Ruyter bai manta wa ya ceci wa ba.

Na san abin da za ku ce, tun jiya ake faɗa mini: ai haka littattafan zane suke, kowa ana yi wa tarihinsa kwaskwarima. Na ji. Ita kanta Storm an yi mata ban ce uffan ba. A asalin labarin, jirgin yaƙin da ya faɗo kan gidansu a Alƙahira ya kashe iyayenta, lokacin rikicin mashigin Suwez ne na 1956, tana ƙaramar yarinya. Da an bar wannan shekarar yadda take, da yanzu Ororo ta haura saba'in, tana zaune kan tabarma jikoki na yi mata tsiya. Sai aka daina ambaton sunan yaƙin a hankali. Wannan kalanda aka matsar, ba a taɓa mutuniyar ba. Har gobe ita ce yarinyar da gini ya danne kusa da gawar mahaifiyarta, shi ya sa ƙuntataccen wuri ke firgita ta. Har gobe ita ce ta koyi yankan aljihu a titunan Alƙahira, ta taka ƙasa har gabashin Afirka inda aka ɗauke ta allahiyar ruwan sama. Amma idan ka cire hannunta daga ceton nan ka sa na namiji, halinta ka taɓa. Yarinyar da ta ciyar da kanta tun ba ta yi wayo ba, ita ce yau take jiran ɗan sarki ya zo?

Sai masu cewa, haba, manyan jarumai baƙar fata biyu sun yi aure, maimakon murna sai ƙorafi? Ku yi haƙuri, na yi murnar a lokacin, kuma ba kaɗan ba. Ban manta yadda na ji ba ranar da na fara ganin hoton bikin nan: baƙar mace mai farin gashi a tsakiyar shafi, manyan jaruman duniyarsu kaf sun hallara saboda ita. Amma da murnar ta lafa sai na ga auren haɗi ne tsagwaronsa, irin na goggon da ta hango 'yan dangi biyu sun isa aure ta ce ai gida bai ƙoshi ba. Ita 'yar Afirka, shi ɗan Afirka, shi ke nan an gama magana, sai ka ce nahiyar ƙauye ɗaya ce. Ita fa a Harlem aka haife ta, ubanta David Munroe Ba'amurke mai ɗaukar hoton jarida, uwarta N'Daré gimbiya daga Kenya. Tun 1975 take cikin ƙungiyar jarumai ta X-Men, shekara talatin da ɗoriya da ƙyar hanyarsu ke haɗuwa da mutumin nan. Cikin 'yan watanni aka ƙera musu soyayyar ƙuruciya, aka ɗaura aure a Black Panther fitowa ta 18 ta Reginald Hudlin, ana tsakiyar rigimar da ta raba Captain America da Iron Man. Har mai ɗinkin kayan wasan talabijin aka ɗauko ya zana rigar amarya. An kashe ƙarfi kan riga, zancen kuwa aro aka yi, kuma aron ma sai da aka juya shi ciki ya koma waje.

Abin da ya fi ci mini rai, kamfanin nan ya iya rubuta mata soyayya in ya ga dama. Ku koma 1984. Wani jami'in gwamnati, Henry Gyrich, ya auna Rogue, abokiyar aikinta a X-Men, da bindigar da ke kashe baiwar jarumai, Storm ta tare, harbin ya same ta. Mai kiran hadari ta wayi gari ba ta iya motsa ko ganye. Wani maƙerin na'urori mai suna Forge ya ɗauke ta ya kai gidansa a Dallas yana jinyarta, ta kwanta ta ƙi ci ta ƙi sha. Shi ma mai rauni ne, ya baro hannu da ƙafa a yaƙin Biyetnam, ya san yadda ake tashi da safe wani sashe naka babu. A hankali ta fara sakin jiki da shi. Sai ta ji a waya cewa shi ne ya ƙera bindigar. Ta fice ta bar masa gidansa ana tsuga ruwa, ruwan da yanzu ba ta da iko a kansa. Fitowa ɗaya tak, ta 186 ta Uncanny X-Men, da zanen Barry Windsor-Smith, kuma ba wanda ya je ya goge wani tsohon shafi kafin mu yarda da ita. Bayan nan, a 1986, ba ta da baiwar ko sisin kwabo, ta kara da Cyclops kan shugabancin X-Men, ta fizge masa gilashin da ke tsare wutar idonsa, ta ci. Wannan matar ce fa aka ce mana sai an cece ta.

Shi ma Forge ban wanke shi ba. A 1992 ya nemi aurenta, ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani, kafin ta dawo da amsa ya janye maganarsa ya yi tafiyarsa, alhali ta riga ta amince a ranta. Namiji ya yanke, ita ta ji labari. Ku riƙe wannan, don haka aka sake yi mata.

Auren ƙarnin da aka goge tarihi saboda shi, shekara shida ya yi. A 2012 Namor, sarkin ƙarƙashin teku, ya malalo wa Wakanda ambaliya lokacin faɗan ƙungiyar Avengers da X-Men. Ta je ta ga halin da ƙasar ke ciki, sai T'Challa ya sanar da ita cewa babban limamin addininsu ya warware auren. Waye babban limamin? Shi ne. Shi ne miji, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, ko shaida ba a kira ba. Wato an ƙwace mata ceton da ta yi don a gina aure, auren ya rushe, ceton kuma ba a mayar mata ba. Ko a ƙauyenmu in aure ya mutu mace tana kwashe kayan ɗakinta. Daga nan aka haɗa ta soyayya da Wolverine, abokin aikinta a X-Men, shi kuma ya mutu a 2014, sai ga tsohon miji ya dawo zawarci. Yanzu yara irin ƙanena sun taso, abin da suka sani kawai shi ne Storm matar Black Panther ce da ya tsinta a daji. Ita ce ta cece shi, jama'a. Fitowa ta 100, shafukan ƙarshe, ku je ku duba.

Abu ɗaya dai na yaba wa Ta-Nehisi Coates da ya karɓi labarin Black Panther daga 2016: a hannunsa mutanen Wakanda suka koma suna girmama ta da wani tsohon suna, Hadari Yao. Ranar da na ci karo da shi sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin mota, na kusa da ni ya waiwayo yana dubana. Rabin farko na sunan nan Bahaushe ba ya buƙatar tafinta. Tun daga ranar nake cewa masu fassara finafinai da Hausa su daina wahalar da harshe da "Sitom", su kira ta Hadari kawai, malafar duniya, an wuce wurin. Af, kuma wanda ya ari tarin littattafan X-Men ɗina tun kafin azumin bara, ya san kansa, yana cikin masu danna alamar zuciya jiya. Ina jira.