Tsakin fim ba datti ba ne, a daina wanke tsofaffin anime har zanen ya tafi

Duk sanda aka fitar da wani tsohon anime, wato fim ɗin zane na Japan, a faifan Blu-ray, faifan bidiyon da hotonsa ya fi na DVD fitowa tar, sai an sami mai cewa hoton na yashi-yashi, wai ba a gyara komai ba. Wani kuma ya nuno na kamfanin da ya wanke nasa tas, yana sheƙi kamar leda, ya ce ga aiki nan. A ganina, sau da yawa mai yashi-yashin shi ne na ƙwarai, mai sheƙin kuwa ɓarna aka yi masa.

Kafin wajen shekarar 2000, da hannu ake yin anime. A zana mutum a kan wata takardar roba mai garai-garai da ake kira sel, a shafa fenti ta bayanta, a ɗora ta a kan zanen wuri, kyamara daga sama ta ɗauka hoto ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto ana kiransa firam. Shirin talabijin galibi a zaren fim mai faɗin milimita 16 ake ɗaukarsa, na silima kuma a mai milimita 35. A jikin zaren akwai ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa da haske ke taɓawa, bayan an sarrafa zaren da sinadari don hoton ya fito sai su bar ɗigo-ɗigon launi. Waɗannan ɗigon su ne tsakin, kuma da su aka gina hoton. Ba ƙura ba ce da ta zauna a samansa. Mai cewa zai cire tsaki daga fim ba tare da ya taɓa hoton ba, kamar mai cewa zai tsame gero daga cikin fura ne.

Firam ɗin milimita 16 kusan milimita 10 da 7.5 ne, na 35 kuwa kusan 22 da 16 ne, ya ninka shi fiye da sau huɗu. Shi ya sa idan aka buɗa su zuwa layi 1080, wato girman hoton Blu-ray, tsakin shirin talabijin ya fi fitowa ɓaro-ɓaro. Haka yake, ba laifin faifan ba ne.

To me ya sa kamfanoni ke wankewa? Na farko, suna ganin mai saye ya saba da anime na zamani da aka yi a kwamfuta, mai santsi. Na biyu, wanda ba a cika faɗa ba, tsaki tsada gare shi. Dabarar matse bidiyo don ya shiga faifai ita ce a adana abin da ya canza kawai daga firam zuwa firam. Fim na tafiya da firam 24 a daƙiƙa, amma anime yakan riƙe zane ɗaya na firam biyu ko uku, wato zane 12 ko 8 a daƙiƙa. Idan babu tsaki, kusan babu abin da ke motsi, matsewa ta zo da sauƙi. Idan akwai shi, kowane lungu na hoton yana canzawa a kowane firam. Blu-ray na iya kai bidiyo har megabit 40 a daƙiƙa, amma yi lissafi: faifai mai gigabait 50, aka cusa masa kashi 13 masu minti 24, rabon kowace daƙiƙa kusan megabit 21 ne kacal, kuma sauti na Japananci da na Turanci zai ci nasa a ciki. Wanke tsakin ya fi ƙara faifai araha.

Manhajar wankin, wadda ake kira DNR, hanya biyu take bi. Ko dai ta gauraya kowane ɗigo da maƙwabtansa a cikin firam ɗaya, wanda dusashe hoto ne kawai da wani suna, ko ta kwatanta firam da na gabansa da na bayansa ta ɗauki matsakaici. Ta biyun tana yin kyau muddin hoton a tsaye yake. Da zarar an fara gudu ko faɗa, siririn layin fuska ko na gashi sai ya yanke, ko ya bar inuwa a bayansa kamar fatalwa. Ga kuma ƙanwarta, manhajar cire ƙura, wadda ƙa'idarta ita ce duk abin da ya bayyana a firam ɗaya tak ya ɓace, to datti ne. A fim na mutane hakan na da ma'ana. A anime kuwa tartsatsin wuta, ɗigon ruwan sama, layukan nuna sauri, duk sukan zo ne a firam ɗaya ko biyu. Idan ba mutum zaune yana duba aikin, shikenan ta share su. Bayan hoton ya yi laushi sai a ƙara masa kaifi na ƙarya, ka ga farin zobe ya kewaye baƙaƙen layuka. Zanen duwatsu da gajimare da aka yi da buroshi kuma ya koma kamar kakin da ya narke.

Dragon Ball Z ne ya fi kowa shan wannan wahala. Kashi 291 ne, an nuna shi a Japan daga 1989 zuwa 1996, a milimita 16, a tsarin allo 4:3 irin na tsohon talabijin. A 2007 kamfanin Funimation na Amurka ya fara fitar da shi a DVD, ya wanke shi, ya kuma yanke sama da ƙasa don ya cika faffaɗan allo na 16:9. A lissafi, wannan yanka kan ci rubu'in tsayin hoto. An ɗan samu ƙari ta gefe, gaskiya ne, amma kawuna da ƙafafu sun tafi. A 2011 sai suka yi abin da ya dace: faifan Level 1.1 da Level 1.2, da tsakinsa, da 4:3 ɗinsa. Kashi 34 kacal aka fitar, a farkon 2012 suka dakatar, suka ce gyaran firam-firam ya yi tsada. Daga ƙarshen 2013 aka koma gidan jiya, Blu-ray yankakke kuma wankakke. Na cikar shekara 30 da ya fito a 2019 ya dawo da 4:3, amma wankin na nan, masoya suka yi ta ƙorafi. Abin haushin shi ne an riga an nuna ana iyawa.

Kada kuma a wuce gona da iri, ba kowane tsaki ne abin yabo ba. Daga dodon fim na asali ake buga kwafi, daga kwafin a buga wani, kowane bugu na ƙara tsaki yana rage kaifi. Sikan da aka yi daga kwafi na uku zai yi kauri fiye da abin da masu zanen suka gani, ragewa kaɗan da hannun gwani a nan ba laifi ba ne. Sannan anime na farkon zamanin kwamfuta, da yawansu a layi 480 aka kammala su, babu wani zaren fim da za a koma wa. Blu-ray ɗinsu buɗa hoto ne kawai, kada ka sa rai da sabon abu. Akwai kuma 'yan dabara, masu wankewa tas sannan su barbaɗa tsakin kwamfuta a sama. Abin da ya tafi ya tafi, barbaɗe ba ya dawo da shi.

Duk da haka tsaki na da wani amfani ko a sabon anime. Blu-ray bit 8 ne, wato matakan haske daga baƙi zuwa fari 220 ne kacal. Sararin sama da ke sauya launi a hankali sai ya fito hawa-hawa kamar matakalar bene. Ɗan tsaki kaɗan yana wargaza iyakokin nan har ido ya daina ganinsu. Wanda ya wanke fim tas yakan janyo wa kansa wannan matsalar a wuraren duhu.

Kafin ka yanke wa faifai hukunci, fara da talabijin ɗinka. Kashe rage hayaniyar hoto, kashe santsin motsi, sauke kaifi ƙasa sosai, in akwai Filmmaker Mode, saitin da ke nuna hoto yadda aka yi shi, ka kunna shi. Kaifin talabijin shi ke mayar da tsaki mai laushi ya zama kamar tururuwa. Sannan ka duba gefe: shirin 4:3 na gaskiya faɗinsa ɗigo 1440 ne a cikin 1920, da baƙin shafi mai ɗigo 240 hagu da dama. Nemi wuri mai launi ɗaya, sama ko bango, ka bi shi firam-firam. Tsaki na gaskiya yana rawa a ko'ina daidai, yana canzawa a kowane firam ko da zanen bai motsa ba. In ya daskare wuri ɗaya, ko yana bin mutum kamar jelar hayaƙi, an taɓa shi. In ya dunƙule ya zama murabba'i-murabba'i a cikin duhu, matsewa ce ta yi yawa. Je ka wurin faɗa ka tsayar, ka ga ko layukan fuska na nan cikakku.

Hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook kuwa ba shaida ba ne, sun sake matse shi, tsakin ne farkon abin da suke cinyewa. Haka fayil ɗin megabait 80 da aka tura maka a waya. In za a yi kwatance, a ɗauki firam ɗaya daga faifan biyu kai tsaye, a adana su a PNG, tsarin hoton da ba ya zubar da komai, a duba su a girmansu na asali.