Dodo mai ƙafa biyu da alƙawarin Zamenhof

Shekara biyu ke nan ina koyon Esperanto, harshen da wani mutum mai suna Zamenhof ya ƙirƙira don mutanen duniya su fahimci juna, kuma wani dodo ne ya fara ɓata mini rai da harshen.

A tambarin gidajen sarautar Turai akwai dodanni iri-iri. Jan nan na tutar Wales ƙafarsa huɗu. Akwai kuma wani mai ƙafa biyu kacal, da fukafukai irin na jemage, da wutsiya mai tsini kamar bakin mashi. Turawan Ingila suna ce masa wyvern, sunan da ya biyo ta tsohon Faransanci daga vipera, wato kububuwa a harshen Latin. A Esperanto kowane irin wannan dodo drako ne. To, mai ƙafa biyun fa?

Masu son aron kalma cewa suke a liƙa wa sunan Turawa wasalin o, tunda da shi kowane suna ke ƙarewa, a ce viverno. Hujjarsu ƙa'ida ta 15 cikin 16 da Zamenhof ya shimfiɗa a 1887: kalmar da yawancin harsuna suka ɗauko daga tushe guda, a shigo da ita, a gyara rubutunta kawai.

Ni dai ban gamsu ba. Yawancin harsunan su wa? Mutumin Landan zai ga viverno ya gane nan take. Mutumin Tokyo ko ni, sai mun buɗe ƙamus. Alhali abin da ya ja ni zuwa harshen nan shi ne ranar da na ci karo da malsanulejo, na zauna da biro na rarraba ta: san lafiya, mal kishiyarta, ul mutum, ej wuri. Wurin marasa lafiya, asibiti ke nan! Ba wanda ya faɗa mini, kuma wallahi daɗin da na ji ran nan har yau ina tuna shi.

Zamenhof ya tashi a Bialystok, wani gari da ke Poland a yau, yana ganin Yahudawa da Polawa da Rashawa da Jamusawa ba sa ga maciji da juna, ya ƙudurci yin harshen da ba wanda zai fi wani gata a cikinsa. Duk aron da ba dole ba yana gutsurar wannan alƙawari, kuma abin yana yi mini ciwo.

Kayan gini na nan a hannu: du biyu, kruro ƙafa. A littafina dukrura drako na rubuta, na zana shi a gefe da wutsiyarsa.