Karen Azawak ba Turawa suka kawo shi ba

Wannan magana ta ishe ni, duk inda aka sa hoton siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye sai ka ji an ce ai jinin Greyhound ne, karen tsere na Ingila, wai Turawan mulkin mallaka suka zo da shi. Ban ga laifin masu faɗa ba fa, don sun yi kama sosai, ga faɗin ƙirji ga cikin a tsuke, kuma dukansu da ido suke farauta ba da hanci ba, su hango zomo ko barewa su bi shi da gudu.

Amma abin ba haka yake ba. Sunansa ma daga kwarin Azawak ya samo, tsakanin Mali da Nijar, kuma Buzaye da Fulani sun daɗe da shi yana musu gadin dabbobi da zango tun kafin Faransa ta shigo yankin. Daga baya ne, wajen shekarun 1970, aka fara kai shi Turai, Yugoslabiya da Faransa, Amurka kuwa sai 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta can ta sa shi cikin jerin jinsunan karnukan da ta amince da su.

To kamannin fa? Aiki ne ya kawo shi, duk inda ake son kare mai gudu a fili irin wannan jikin ake zaɓa. Misali binciken ƙwayoyin halitta ya nuna shi Greyhound ya fi kusa da karnukan kiwon tumaki na Birtaniya, shi kuma Azawak danginsa na kusa su ne irin su Saluki na ƙasashen Larabawa.