Tawali'un da ya ja mini

Wata shida na yi ina koyon Japananci a waya, a shagonmu na kayan gyaran mota da ke Ƙofar Ruwa, duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Na haddace haruffansu, hiragana 46 da katakana 46, har 'yan layinmu suka laƙaba mini Sensei, wato malam. Da na samu gurbin wani kwas ta intanet a wata jami'a ta Japan, sai suka ce sai an yi mini jarrabawa tukuna, a ga ajin da ya dace da ni.

A fom aka ce in zaɓi matakina, daga N1 zuwa N5. Na ce a raina ni ba mai cika baki ba ne, kowa da aji ɗaya yake farawa. Na danna N1. Ashe su lissafinsu a juye yake: N5 ne na 'yan koyo, N1 kuwa na waɗanda ke karanta jaridar Tokyo suna shan shayi.

Suka sa ƙarfe goma na safe, amma nasu. Japan ta riga mu da awa takwas, wato ƙarfe biyun dare a Kano. Na ci kwalliya da farar shadda da hula zanna, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa gajeren wando, tunda kyamara ba ta kaiwa can.

Takarda ta buɗe, na ga kanji, haruffan nan nasu masu kama da zane, baƙi ƙirin, kamar tururuwa ta samu sukari. Cikin 2,136 da suke amfani da su yau da kullum, talatin na sani, su ma ranar sun ƙi fitowa. Da ƙyar na hango na dutse, mai tsini uku, na ji kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a tashar Legas. Sauran duk canki-canka na yi.

Sai ta baka. Wata malama ta bayyana, ta rusuna, ta saki Japananci kamar an kunna injin markaɗe. Duk inda ta numfasa in ce "hai", wato "e". Can na ji tana maimaita "kare, kare". Na san a wurinsu "shi" ke nan, amma da biyun dare kunnen Bahaushe ne ke aiki, har na waiga ƙofa.

Ai kuwa a ƙofar akwai mutum. Umma ce, da tocila.

"Kai Auwalu, muryar wace mata nake ji a ɗakinka da tsakar dare?"

"Umma, don Allah, Umma, jarrabawa ce!"

Malama ta zaro ido. "Uma?" A yarensu doki ke nan. Baiwar Allah ta ɗauka doki ya shigo mini ɗaki. Na miƙe in yi bayani, gajeren wando ya shiga kyamara.

Umma ta leƙa ta ce, "Sannu 'yar nan, ina iyayenki?" Malama ta rusuna, Umma ma ta rusuna. Sun fi ni fahimtar juna.

Bayan kwana uku saƙo ya zo: ajin farko, na masu fara hiragana. A darasin farko aka nuna hoton laima, aka ce sunanta "kasa". Ita dai wannan kalmar ban taɓa mantawa da ita ba.