Jaridun titi: Wa ke riƙe da alƙalamin?

A ranar 28 ga watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, cewa birnin Grants Pass na jihar Oregon yana da ikon hukunta wanda ya kwana a fili, ko da babu gurbin da ya rage masa a gidajen kwana na agaji. Lauyoyi sun yi bayani, 'yan siyasa sun tofa albarkacin bakinsu. Mutumin da za a tasa da tsakar dare, a ce ya naɗe bargonsa, sannan a ci shi tarar da ba shi da halin biya, shi ne aka fi ƙarancin jin ta bakinsa. Wannan giɓi ne jaridun titi, wato jaridun da marasa matsuguni ke sayarwa a kan titi, suka zo cikewa, kuma da shi ya kamata a auna su.

A shekarar 1989 aka fara jaridar Street News a birnin New York. A 1991 John Bird, wanda ya taɓa kwanan titi da zaman gidan yari a ƙuruciyarsa, ya haɗa kai da Gordon Roddick suka kafa The Big Issue a Landan. Tsarin mai sauƙi ne: mara matsuguni zai sari mujallar a rabin farashi, ya sayar a cikakken farashi, abin da ya hau ya zama nasa. Daga nan abin ya bazu zuwa Jamus da Afirka ta Kudu da Japan. An kuma kafa ƙungiyar jaridun titi ta duniya a 1994, mai hedikwata a Glasgow, wadda mambobinta suka watsu a ƙasashe sama da 30.

Ba na raina abin da cinikin yake yi wa mutum. Wanda ya yi watanni jama'a suna kawar da kai daga gare shi, yau yana tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa da katin shaida rataye a wuya, yana miƙa haja, yana ba da canji, har wani ya tsaya ya tambaye shi sunansa. Wannan mutunci ne ya dawo, kuma babba ne.

Sai dai sayar da jarida daban, magana a cikinta daban. The Big Issue ta dogara da ƙwararrun 'yan jarida, tana yawan sa fitattun mutane a bangonta, da hujjar cewa sai mujalla ta ja hankali mai sayarwa zai samu na abinci. Street Sheet ta San Francisco, wadda ita ma ta fara a 1989, ta bi wata hanyar, inda waɗanda suka ɗanɗana rayuwar titi suke rubuta yawancin abin da ke ciki. Hujjar ta farko tana da ƙarfi, amma zuciyata ta fi karkata ga ta biyu. Wanda abin ya shafa ne ya san cewa ranar da ma'aikatan birni suka kwashe tantuna, katin shaidarsa da magungunansa sukan bi motar shara. Cewa idan babu katin da adireshi, buɗe asusun banki da neman aiki da rajistar zaɓe duk sai su yi wuya. Cewa akwai gidan kwanan da ke raba miji da mata a bakin ƙofa, shi ya sa wasu suke gwammace sanyin waje. Ɗan jarida zai iya zuwa ya tambaya, amma sau da yawa bai ma san abin da zai tambaya ba.

Maganar kuwa ta haƙƙi ce. Sashe na 25 na kundin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya ambaci matsuguni ƙarara, duk da haka a 2018 ƙasar Hungary ta haramta zama a titi a cikin tsarin mulkinta, Ingila kuma ta kai shekara 200 da dokar 1824 mai ɗaukar kwanan waje da bara a matsayin laifi. Irin waɗannan dokoki suna daɗewa ne saboda waɗanda suke cutuwa da su ba su da inda za su kai kuka a ji.

Masu cewa jarida ba ta gina wa kowa ɗaki sun yi gaskiya. Sana'ar ma tana tangal-tangal: kullen korona na 2020 ya janye masu sayarwa daga tituna, kuma raguwar yawo da tsabar kuɗi ta tilasta wa da yawa riƙe na'urar karɓar kati. Saboda haka nake kira ga editoci su ƙara shafukan da masu sayarwa ke rubutawa, su biya su ladan rubutun, su koya musu aikin. Mai saye ma yana da nasa. Akwai masu kyakkyawar niyya da suke biyan kuɗin su ce a riƙe jaridar. Wanda ya yi haka ya mayar da ciniki sadaka, kuma ya wuce bai karanta shafin da wataƙila mutumin da ke tsaye a gabansa ne ya rubuta ba.