Likita ta ce in rage ƙiba, amma tukunya ɗaya ce a gidanmu

Shekara huɗu na yi ina shan maganin sanyi kafin a gaya min sunan abin da ke damuna. Al'adata sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Gashi ya tsiro min a haɓa, ƙuraje suka ƙi barin fuskata, bayan wuyana ya yi baƙi har Umma ta sa na riƙa dirje shi da soso, a ganinta dauɗa ce. Duk wadda na kai wa kuka sai ta ce sanyi ne, ta haɗa ni da mai magani. Manya kuma suka ce in kwantar da hankalina, idan na yi aure komai zai daidaita. Ranar da aka yi min hoton mara da gwajin jini, likitar mata ta ce PCOS ne, wato ciwon rikicewar sinadaran jiki da ke shafar ma'ajiyar ƙwan mace. Ta rubuta min metformin, maganin da ke taimaka wa jiki sarrafa sukari, ta ce in rage ƙiba, in riƙa motsa jiki, in kula da abin da nake ci. Gaskiya ta faɗa min. Sai dai cikin minti biyu ta gama faɗa, ni kuma na koma gidan da ake girka tukunya ɗaya don mutum tara, a unguwar da mace ba ta fita gudu.

Ciwon nan ba na yau ba ne. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Chicago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninsa a kan mata bakwai da suka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu shi ba su san suna da shi ba. Abin da ake gani a hoton ma'ajiyar ƙwai ma ba ƙari ba ne kamar yadda ake tsorata mu, ƙananan ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya ba su ƙosa ba. Hoton kaɗai kuma bai isa ba. Ƙa'idar da likitoci suka tsayar a birnin Rotterdam na ƙasar Holan a 2003 ta ce sai an samu biyu cikin abubuwa uku: rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza, da waɗannan ƙwayayen a hoto.

Abin da na so a zaunar da ni a fahimtar da ni tun farko shi ne maganar insulin. Shi ne sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai wa tsoka. Jikin da yawa daga cikinmu ba ya jin maganarsa da kyau, sai jiki ya yi ta ƙara zuba shi. Yawansa yana tunzura ma'ajiyar ƙwai ta samar da sinadarin maza fiye da kima, daga nan gemu da ƙuraje suke zuwa, ƙwai kuma ya kasa fita a kan lokaci. Baƙin wuyan da na sha dirzawa, shi ma alamarsa ce. To tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari da kanta, tana kuma ƙara jin maganar insulin ɗin. Shi ya sa nake cewa gudu magani ne a wajenmu, ko da sikeli bai motsa ba. Akwai ma siraran mata masu wannan ciwon, su ma motsa jikin yana yi musu amfani.

A tsakar gida na fara, ina zagaya igiyar shanya bayan sallar asuba. Da na ga wurin ya yi min kaɗan, na roƙi Yaya ya riƙa raka ni filin makarantar firamaren unguwarmu kafin gari ya waye sosai. Tsarin da hukumar lafiyar Ingila ta fitar don masu fara gudu na bi: gudun minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti ashirin, sau uku a mako. Su sun tsara mutum ya kai gudun minti talatin a mako tara. Ni sai da na yi wata biyar. Satin farko ƙirjina kamar ana hura wuta, ƙwaurina ya yi tsami, na yi kuka a hanyar dawowa. Kambas ɗin gwanjo na saya a Ƙofar Wambai, da doguwar riga da wando da ƙaramin hijabi, babu abin da ya fito a jikina.

Duk da haka sai da aka yi magana. Wata maƙwabciya ta zo har gida ta ce wa Umma, “Hajiya, ki ja wa 'yarki kunne, budurwa da tsalle-tsalle a fili, wa zai aure ta?” Wannan maganar ta fi ciwon ƙwaurin yi min zafi. Bakin da ke cewa na yi ƙiba, shi ne ke cewa kada in fita. In mace ta yi aure ba ta haihu ba, a kira ta juya, a fara yi wa mijin maganar ƙarin aure, amma in ta ce za ta fita tattaki don lafiyarta, a ce ta fiye rawar kai. Ta ina ake so ta bi?

Maganar abinci ta fi gudun wahala, domin ba ni kaɗai ke da tukunyar ba. Ban daina cin tuwo ba, kuma ba na ba kowa shawarar ta daina. Jagorar kula da PCOS ta duniya da aka sabunta a 2023 ƙarƙashin Jami'ar Monash ta Ostireliya ta ce babu wani tsarin abinci guda da aka tabbatar ya fi saura, wanda za ki iya ɗorewa a kai shi ne naki. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ta ƙaru. Shinkafa sai da wake mai yawa. Kwaɗon zogale da rama da ƙuli, alale, awara, dafaffen ƙwai in an samu. Abin da na yanke gaba ɗaya shi ne lemon kwalba, da sukarin da nake zubawa a koko da zoɓo da fura. Umma da farko ta ɗauka raina girkinta nake yi. Sai da na kai ta wajen likitar ta ji da kunnenta cewa masu wannan ciwon sun fi saurin kamuwa da ciwon suga, ciwon da ya kwantar da mahaifiyarta, sannan ta fara ajiye min zoɓona daban kafin ta zuba sukari.

Shayin rage tumbi da ake tallata mana a waya kuwa, 'yar uwa ki riƙe kuɗinki. Yawancinsa gudawa yake sa ki, ruwan jikinki ya zube, ki ɗauka kin rame.

A wata takwas kilo shida na sauke daga 88. Likitoci suna cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana iya daidaita al'ada, ni ma tawa ta dawo, duk da takan kai kwana arba'in. Gemun bai tafi ba, har yau ina cirewa, kuma ban ajiye maganina ba. Mai neman haihuwa akwai maganin da likita ke bayarwa don ƙwai ya fita, irin su letrozole, mata da yawa masu PCOS sun haihu. Wadda ba ta yi aure ba kuma kada ta jira aure. In al'ada ta wuce wata uku ba ta zo ba, bangon mahaifa yana yin kauri, kuma hakan na da haɗari idan aka bar shi shekaru.

Iyayenmu mata, ku ne masu tukunya. Yayyenmu da mazajen 'yan uwanmu, ƙofa a hannunku take. Minti 150 a mako ake nema, rabin awa sau biyar. In ba ku yarda ta fita ita kaɗai ba, ku raka ta. Yaya yakan zauna a kan dakalin aji da carbinsa har in gama zagayena. Yanzu da hunturu ya shigo da ƙura mun koma tsakar gida da igiyar tsalle, ƙanwata ce ke ƙirga min.